Abin da ya kamata ku sani: sauya muryar amfilifayar jita

Amfilifayar jitar lantarki sashe biyu gare ta. Na farko, wanda makaɗa ke kira firi'am, shi ke karɓar ɗan sauti mai rauni da jita ke aikowa ta waya, ya ɗaga shi, ya ba shi murya. Na biyu kuma aikinsa ƙarfi ne, shi ke tura lasifika. Da yawa daga abin da kunne ke rarrabe amfilifayar kamfanin Fender da ta Marshall da shi, a sashen farkon nan ake ƙera shi.

A da, makaɗin da ke son murya uku sai ya sayi amfilifaya uku, kowace da nauyinta da tsadarta. Bruce Egnater, wani maƙerin amfilifaya daga yankin Detroit a Amurka, ya ga babu dalilin wannan wahala. Ya mayar da firi'am ɗan akwati mai zaman kansa, modul, da ake zarewa a zura wani kamar aljihun tebur. Kamfanin Randall ya fito da tsarin a farkon shekarun 2000 da sunan MTS. A cikin samfuran tsarin, RM100 tana ɗaukar modul uku, RM4 huɗu. Kowane modul da maɓallan murɗawarsa, da kwalaben bawul biyu samfurin 12AX7, dangin waɗanda ke cikin rediyon da, mai sai ya yi ɗumi kafin ya yi magana. Makaɗan jita Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica da George Lynch duk an yi modul da sunansu.

To, abin da ke zaruwa cikin sauƙi ai ba ya tsira daga hannun masu gyara. Nan da nan aka samu masu buɗe modul suna canza kayan ciki, har ta zama sana'a. Ka aika musu ɗan akwatin ta gidan waya, ya dawo da wata murya dabam, ba tare da ka yi dakon amfilifaya sukutum ba.

Abin da suke canzawa ƙanana ne, masu araha: rizista da kafasita. Ɗauki misalin kafasitar da ke ƙarƙashin bawul ɗin farko. Fender ta saba sa rizista 1.5k da kafasita mai mikrofarad 25, wadda ke barin sauti mai kauri ya wuce gaba ɗaya. Marshall kuwa, a tasharta mai kaifi, 2.7k take sawa da mikrofarad 0.68 kacal, sai kaurin ya ragu tun daga bakin ƙofa. Wannan ragewar ita ce sirrin. Idan aka cika wa bawul sauti da gangan don ya yi gurnanin da makaɗan rok ke so, kauri mai yawa sai ya dagula komai, a kasa jin tsirkiya ɗaya daga 'yar'uwarta. Shi ya sa gwanaye ke rage kauri a farko, su mayar da shi a ƙarshe. Sabon shiga yakan yi akasin haka, ya sa babbar kafasita don neman ƙarfi, ya ƙare da sauti kamar ana kiɗa a ɗakin maƙwabta.

Dabarar sauya 'yan kayan ciki don samun wata murya ba sabuwa ba ce. Amfilifayar Marshall ta farko, JTM45 ta 1962, kusan kwafin Fender Bassman ce ta 1959, da 'yan sauye-sauye a bawul da lasifika.

Sai dai kada a ruɗe ku da sunayen da ake manna wa modul. Taransifoma, manyan bawul na sashen ƙarfi da lasifika duk suna nan yadda suke, kuma su ma suna da rabonsu a murya. Modul da aka manna wa sunan amfilifayar Vox zai yi kama da Vox, amma kama da wane ba ta wane. Kamfanin Synergy, wanda ya ci gaba da tsarin daga baya, ya bi wata hanya: ya haɗa kai da masu asalin amfilifayoyin, irin su Friedman, Soldano da Bogner, aka yi modul ɗin da yardarsu.

Ga mai son gwadawa da hannunsa, maganar farko ita ce wuta. Bawul na aiki da bolt ɗaruruwa, kuma manyan kafasitocin cikin amfilifaya kan riƙe wutar ko bayan an cire filogi. Tana iya kisa. A kashe amfilifaya kafin a zare modul, a auna da mita kafin a taɓa komai. Layukan tagullar da ke jikin allon modul ɗin kuwa sirara ne, ƙarfen narka dalma ya daɗe a kansu sai su ɗaye. A ɗauki hoton allon tun kafin a fara, a canza abu ɗaya, a saurara, sannan a taɓa na gaba. Kayan da aka cire a adana su, domin mai saye yakan tambayi ko za a iya mayar da modul yadda ya fito daga kamfani.