Gwada da'irar lantarki a kwamfuta kafin ka kunna mata wuta

Duk wanda ya taɓa buɗe rediyo ko caja ko inbata ya ga wani ɗan allo, galibi kore, wanda masu gyara ke kira fanel. A kansa ne ake jera rezista da kondensa da taransista da aisi, siraran layukan tagulla suna haɗa su. Kafin allon nan ya zama abin taɓawa da hannu, sai da wani ya zana da'irar, ya lissafa ƙarfin wutar da zai ratsa kowane ɓangare, ya tabbatar za ta yi aiki. A yau a kwamfuta ake yin wannan, kuma wasu daga cikin manhajojin da suka fi inganci a fagen ba sa buƙatar ko sisin kwabo. Amma ɗalibanmu da yawa a kwalejojin fasaha da jami'o'i ba su san da su ba. Ko dai su sayo kaya su liƙa da dalma su kunna su ga abin da Allah zai yi, ko kuma su nemi manhajar kuɗi da aka fasa makullinta.

Mu fara da abin da manhajar kwaikwayo take yi. Za ka gaya mata kayan da ke cikin da'irarka, da ƙimar kowanne, da inda ƙafafunsu suka haɗu. Ita kuma ta ɗauki dokar Ohm da dokokin da Bajamushe Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845, waɗanda jigonsu shi ne duk wutar da ta shiga mahaɗa dole ta fita, ta mayar da zanen zuwa lissafi ta warware. Tambayoyi uku aka fi yi mata: idan komai ya daidaita, bolt nawa ne a kowace mahaɗa, yaya wutar ke canjawa daga daƙiƙar da aka kunna, kuma yaya da'irar ke karɓar sigina mai saurin kaɗawa da mai jinkiri. Misali, haɗa rezista mai ohm 10,000 da kondensa mai maikurofarad 100. Manhajar za ta zana maka layi mai nuna kondensar ta cika kusan kashi 63 cikin 100 a daƙiƙa ɗaya, ta kusa cika duka a daƙiƙa biyar. Canja rezistar, layin ya canja nan take. Kamar tela ne da ke fitar da yanka a takarda kafin ya sa almakashi a shadda.

Tushen kusan duk irin waɗannan manhajoji ɗaya ne, wato SPICE, wadda aka haifa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Ɗalibi ne mai suna Laurence Nagel ya rubuta ta ƙarƙashin kulawar Farfesa Donald Pederson, aka gabatar da ita a 1973, SPICE2 ta biyo baya a 1975. A lokacin babu zane a fuskar kwamfuta, a katunan da ake hudawa ake shigar da da'ira, kowane kati abu ɗaya. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne matsayin da Pederson ya tsaya a kai, cewa a bar ta ga kowa, duk mai so ya karɓi asalin rubutunta ya karanta ya gyara. Ɗaliban da suka koye ta suka tafi da ita kamfanoni, kamfanonin suka gina nasu a kanta. PSpice da HSPICE da ake sayarwa da tsada duk zuriyarta ce. Wato masana'antar da ke ƙera ƙwaƙwalwar wayar da ke aljihunka ta girma ne a kan kyautar wata jami'a.

Magajiyar SPICE da ta ci gaba da zama a buɗe ita ce ngspice, wadda aka gina kan SPICE3 ta Berkeley kuma masu sa kai ke kula da ita har yanzu. Ita lissafi kawai ta sani. Wajen zane kuwa, KiCad ce ke gaba. Wani malami a Grenoble ta Faransa, Jean-Pierre Charras, shi ya fara ta a 1992. Ta daɗe ana yi mata kallon kayan 'yan koyo, sai a 2013 cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba ta sa injiniyoyinta a aikin. Dalilinsu mai sauƙi ne: suna so su riƙa raba zanen na'urorinsu ga duniya, kuma babu amfanin raba zanen da sai mai manhajar dubban daloli zai iya buɗewa. Su ne suka kawo, alal misali, dabarar da ke sa idan kana jan layin tagulla sauran layukan su matsa su ba shi hanya da kansu. Daga fitowa ta 5 a 2018 aka saka ngspice a cikin KiCad, don haka a wuri ɗaya za ka zana, ka gwada, ka tsara allon, ka juya shi ka kalle shi ta kowace fuska, sannan ka fitar da fayilolin Gerber da masana'antar buga allo ke karɓa, a Shenzhen take ko a ina.

Akwai bambancin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a nan ake yawan ruɗewa. Manhajar kyauta daban, buɗaɗɗiyar manhaja daban. LTspice ta kamfanin Analog Devices kyauta ce, kuma gaskiya tana da kyau ƙwarai, amma ba ka ganin cikinta, ba ka da ikon gyara ta, kuma makomarta na hannun mai ita. Labarin Eagle ya isa darasi. Shekara da shekaru ita ce abin hannun ɗalibai da ƙananan masu ƙira saboda tana da sigar kyauta. Kamfanin Autodesk ya saye ta a 2016, ya mayar da ita ta biyan kuɗi lokaci-lokaci a 2017, daga baya ya sanar zai daina sayar da ita da kula da ita a watan Yunin 2026. Mutanen da suka tara zanen shekaru a cikinta sai neman mafita, kuma da yawa KiCad suka nufa, tun da tana iya buɗe fayilolin Eagle. Ita KiCad lasisinta na GPL ya hana kowa ya kulle ta. Fayilolinta ma rubutu ne zalla da za ka iya karantawa da idonka.

Wannan lasisi yana da wata fa'ida da ta dace da halinmu. Sauko da KiCad yana cin data sosai, amma mutum ɗaya zai iya saukowa ya zuba a filashi ya raba wa aji guda, kuma halal ne, doka ta yarda. Bayan an ɗora ta ba ta neman intanet, tana aiki a Windows da Linux da macOS. Fasasshiyar manhaja kuwa, ban da haƙƙin mutane da ke kanta, sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, ba a sabunta ta, kuma ranar da ɗalibi ya gama makaranta ya buɗe kamfaninsa, ba zai iya nuna wa abokin ciniki na waje aikin da ya yi da kayan sata ba. Indiya ta gane wannan da wuri. A cibiyar fasaha ta IIT Bombay an haɗa KiCad da ngspice aka yi wata manhaja mai suna eSim don kwalejojin ƙasar.

Sai dai kada wani ya ɗauka abin da kwamfuta ta nuna yankan wuƙa ne. Ita ba ta san taransistarka ba, bayanin lissafinta kawai aka ba ta. Idan bayanin bai dace ba, amsar ma ba za ta dace ba, kuma za ta fito da ita tsaf ba tare da ko gargaɗi ba. Ɗora bolt 12 a kan rezista mai ohm 100: manhajar za ta ce komai lafiya. Amma wat 1.44 ke zama zafi a jikinta, ƙaramar rezistar da aka fi sayarwa kuwa rubu'in wat take ɗauka. A kan tebur hayaƙi za ka gani. Sai ka nemi manhajar ta nuna maka zafin da kanka, ka kwatanta da takardar bayanin kayan. Haka nan ba ta san cewa taransistar da ka sayo a kasuwa jabu ce da aka goge lambarta aka buga wata ba. Ba ta san zafin watan Afrilu a cikin akwatin inbata ba, sai ka faɗa mata. Wutar da a takarda bolt 230 ce, kowa ya san yadda take hawa da sauka a gidajenmu, don haka mai hankali yakan gwada da'irarsa da ƙasa da haka da kuma sama da haka. Mita da hannun da ya saba da dalma suna nan da muhimmancinsu.

Koyon ma ba ya zuwa a kwana ɗaya. Wani lokaci ngspice takan tsaya ta ce lissafi ya ƙi daidaita, kuma sau da yawa laifin ƙarami ne, kamar mantawa da sa alamar ƙasa a zanen, wadda daga ita ake auna duk sauran mahaɗai. Wasu kamfanoni kuma sukan kulle bayanin kayansu yadda manhajarsu kaɗai ke karantawa. Mafi sauƙin hanya ita ce a fara da batir da rezista da ɗan ƙwan fitila, a yi lissafi da biro, a gwada a kwamfuta, a haɗa a zahiri a auna, a ga inda ukun suka saɓa.

Kira na ga malaman sashen lantarki a jami'o'i da kwalejojin fasaha da makarantun koyon sana'a: ku ɗora KiCad a kwamfutocin ɗakin gwaji, ku karɓi aikin ƙarshe na ɗalibi tare da fayilolinsa, domin na bayansa su ɗora daga inda ya tsaya. Kuɗin lasisin da aka huta biya a sayi mita da osiloskop da su.