Kafin a Jefar da Tsohon Takalmin Birki

Duk mai tuƙa tsohuwar Hiace ya san wannan: birki ya fara kuka, a shiga gareji, a sa sabon takalmi, wata biyu kukan ya dawo. Sai a ce kayan ne jabu. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa amsar tana jikin tsohon takalmin da yaron bakanike ya wurgar gefe.

A tattaro huɗun na gaba a jera su a ƙasa. Kowace taya biyu gare ta, na ciki da na waje, faifai a tsakiyarsu. Fistin na ciki kaɗai yake turawa. Na waje ba ya kamawa sai kalifa, wato gidan da fistin yake ciki, ta zame a kan ƙusoshinta biyu. To, in na ciki ya cinye har ƙarfe alhali na waje da sauran namansa, ko dai fistin ya yi tsatsa ba ya komawa, ko ƙusoshin sun cije. In kuma takalmin ya ci a karkace, kai ɗaya siriri, ɗaya da kauri, galibi ƙusa ɗaya ce ta maƙale. Robar da ke rufe ta ta yage, ƙura da ruwan damina sun shiga. Kuma bakin giris ɗin nan da ake lafta wa komai kumbura robar yake yi. Na silikon take so.

Wanda ya fi ruɗarwa shi ne taya ɗaya ta cinye nata duka biyu, ɗayar kuwa lafiya lau. Motar takan ja gefe, ƙafar ta yi zafi bayan 'yar tafiya. A ɗaga ta da jak, a taka birki a saki, a juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa, a ɗan kwance noti na fitar da iska. Ta sake nan take? A tuhumi tiyo, ya ruɓe ta ciki yana riƙe man birki. Ba ta sake ba, kalifa ce.

Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake son a canza shi duk shekara 2. Takalmin da bai kai milimita 3 ba kuwa ya gama aiki, kuma hagu da dama tare ake canzawa. Direba, mutanen da ka ɗauko amana ce: ka tsaya a kan bakanike har ya zare ƙusoshin nan ka gani da idonka.