Muryar Sofurano da Tattalinta: Misali daga Rayuwar Leontyne Price

Gabatarwa

A ilmin waƙar Turai an kasa muryar mata gida uku. Wadda ta fi kowace tashi sama ita ake kira sofurano. Mai irin wannan murya tana da fage biyu. Na farko shi ne ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rera zantukansa, inda mawaƙiya takan shiga rigar wani, ta ɗaga murya bisa ta makaɗa masu yawa ba tare da amsa-kuwwa ba. Na biyu kuwa zaman waƙa ne zalla, inda takan tsaya a matsayin kanta, sau da yawa da mai fiyano kaɗai. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ɗorewar mawaƙiya ta dogara ga yadda ta raba ƙarfinta tsakanin fagagen biyu. Za a kafa hujja da rayuwar Leontyne Price.

Tasowarta

An haife ta a 1927 a garin Laurel na jihar Mississippi ta Amurka, zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata. Ta yi karatun waƙa a makarantar Juilliard ta birnin Niyok, kuma a 1952 ta fito a wasan Porgy and Bess. A 1955 ta rera Tosca a talabijin na NBC, wasu tashoshin kudu suka ƙi nunawa saboda launin fatarta. Wannan bai tare mata hanya ba. Ta rera Aida, labarin gimbiyar Habasha da aka bautar a Masar, a Biyana a 1958, sannan a La Scala ta Milan a 1960. A watan Janairu na 1961 ta fara fitowa a Metropolitan ta Niyok, cikin Il Trovatore na Verdi.

Darasin 1961

A kakar wannan shekara ta ɗauki La fanciulla del West na Puccini, wasa mai nauyin gaske, a kan ɗimbin aikin da ta riga ta sha. Ana tsakiyar wasa murya ta ɗauke mata. Tantanin murya dai, idan aka matsa masa fiye da kima sai ya kumbura. Bayan ta huta ta komo, ta fi karkata ga wasannin da suka dace da ita, musamman na Verdi. A 1966 ita ta jagoranci buɗe sabon ginin Metropolitan da Antony and Cleopatra na Samuel Barber. Daga nan ta rage fitowa a ofera, ta ƙara yawan zaman waƙa, inda ita ke zaɓen abin da za ta rera, har da waƙoƙin ibada na baƙaƙen Amurka.

Kammalawa

Ta yi bankwana da ofera ranar 3 ga Janairu 1985 da Aida, tana da shekara 57, amma ta ci gaba da zaman waƙa har 1997. Ashe baiwar murya jari ce kawai. Sanin abin da za a ƙi rerawa shi ke sa jarin ya kai shekara arba'in da ɗoriya.