Zaƙi Ba Sukari: Abin da Harshe Ke Ji da Abin da Jiki Ke Samu

Duk wanda ya sauka a tashar motar Batsari da kaka ya san abin da garin ya yi suna a kansa. Rogo ne, ɗanye da dafaffe, wani a buhu, wani a faranti an barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji. Kusa da mai rogo akwai mai shago da lemon kwalba a cikin ƙanƙara, can gefe kuma ga yarinya da bokitin zoɓo da kunun zaƙi. Haka abin yake a Safana da Runka da sauran garuruwan da ke bakin dajin Rugu.

A ɗauki misalin mutum biyu da suka tsaya a wannan wuri. Na farko ma'aikaci ne mai ƙiba, wanda aka ba shawarar ya rage sukari da sitaci. Sai ya zaɓi lemon da aka rubuta wa "babu sukari". Na biyu yaro ne ɗan firamare da ya sayi ƙullin zoɓo. Bai sani ba, mai yiwuwa shi ma abin da ya sha babu sukari a ciki, domin wasu masu sana'ar kan sa sakarin saboda tsadar sukari. Duka biyun sun ji zaƙi, kuma babu wanda zaƙin ya ba ƙarfi a cikinsu. Na farko da gangan ya nemi hakan, na biyu kuwa rashi ne ya jawo masa.

Yadda Harshe Ke Gane Zaƙi

A kan harshen ɗan Adam akwai dubban 'yan ƙananan ƙwayoyin ɗanɗano. A jikin wasunsu akwai wani furotin mai ɓari biyu, wanda masana suka gano a shekarar 2001. Aikinsa kamar na kwaɗo ne, sukari kuma shi ne mabuɗinsa. Da zarar sukari ya narke a miyau ya shiga gurbinsa, sai jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa cewa ga zaƙi. Hikimar wannan tsari a fili take: a cikin halitta, abu mai zaƙi kamar dabino da zuma da rake yawanci abinci ne mai ba da ƙarfi. Kyanwa, wadda cimarta nama ce, ɓari ɗaya na wannan furotin ba ya aiki a jikinta, shi ya sa ba ta damu da kayan zaƙi ba.

To, sai dai kwaɗon bai san sunan mabuɗi ba. Duk sinadarin da siffarsa ta dace da gurbin zai buɗe shi, ko da ba shi da dangantaka da sukari. Wasu ma sun fi sukari kama gurbin nesa ba kusa ba. Sakarin ya ninka sukari zaƙi kamar sau 300, asfatam sau 200, sukuralos kuma sau 600. Sakarin jiki ba ya narkar da shi, da fitsari yake fita yadda ya shiga. Asfatam kuwa hanji na narkar da shi, amma abin da ake sawa ƙanƙane ne ƙwarai, har ƙarfin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba.

Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kwalba

Abin mamaki, yawancin waɗannan sinadarai da katari aka gano su. A shekarar 1879, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, wani masani mai suna Constantin Fahlberg yana aiki a kan sinadaran da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa. Da ya zauna cin abinci sai ya ji burodinsa na zaƙi, ashe daga hannunsa ne. Mafarin sakarin ke nan. Haka nan a 1965 James Schlatter yana neman maganin gyambon ciki, ya lashi yatsa domin ya ɗauki takarda, sai ya ci karo da asfatam. Sukuralos kuma a Landan aka same shi a 1976.

Sakarin ya yaɗu ne a lokacin yaƙin duniya na farko, sa'ad da sukari ya yi ƙaranci a Turai. Wato tun farko sukarin mai ƙaramin ƙarfi ne, kamar dai yadda yake a bokitin zoɓo a yau. Daga baya ne kamfanonin lemo suka mai da irin waɗannan sinadarai kayan masu neman ramewa. Lemon Coca-Cola, wanda aka fara haɗawa a Atlanta a 1886, kuma rabin sunansa daga sunan goro a Turance yake, ya sami ɗan'uwa marar sukari mai suna Diet Coke a 1982, sannan Coke Zero a 2005.

Masu Ƙaurace wa Sitaci

Babbar kasuwar irin wannan lemo ita ce ta masu rage cin sitaci da sukari. Tunanin ba sabo ba ne. Wani Bature mai suna William Banting ya wallafa ɗan littafi a kai a Landan a 1863, likita Robert Atkins kuma ya farfaɗo da shi a Amurka a 1972. Dalilinsu shi ne, duk sitacin da mutum ya ci, na gero ne ko na dawa ko na rogo, sai ya rikiɗe ya zama wani sukari mai suna gulukos kafin ya shiga jini. Idan gulukos ya hau, sai jiki ya saki sinadarin insulin domin ya tura shi cikin tsoka da hanta, rarar kuma ta koma kitse. Masu tsananta wa kansu a wannan tsari ba sa wuce giram 50 na sitaci da sukari a yini, domin jiki ya koma ƙona kitse.

A nan lemon da ba sukari yana da amfani na gaskiya. Lemon kola na yau da kullum yana ɗauke da sukari kimanin giram 10.6 a kowane mililita 100. Ke nan robar rabin lita tana da giram 53, wato kusan ƙaramin cokali 13. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, wato kimanin giram 50 ga babba. Roba ɗaya ta wuce wannan iyaka. Wanda ya saba shan roba guda kullum, ya musanya ta da marar sukari, ya kauce wa sama da kilo 19 na sukari a shekara.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A koma ga ma'aikacin nan na tasha. Idan ya haɗa lemonsa da farantin rogo, lissafi ya sauya. Giram 100 na ɗanyen rogo na ɗauke da kimanin giram 38 na sitaci da danginsa. Giram 300, wanda ba wani babban ci ba ne ga mai jin yunwa, ya kai giram 114, fiye da abin da ke cikin roba biyu na lemo mai sukari. Gaskiya ne rogo ya fi lemo daraja, domin yana ƙosarwa, yana da harza mai taimakon hanji, kuma shi ne ƙarfin manomi. Duk da haka, ga mai ciwon sukari, jini ba ya tambayar inda gulukos ya fito. Wanda ya cire sukari daga kwalba, sannan ya ƙara malmalar tuwo yana ganin ya sami rara, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Shin Akwai Illa?

Wannan tambaya ta daɗe tana tayar da ƙura. A shekarun 1970 an ga ɓerayen da aka ɗura wa sakarin mai yawan gaske sun kamu da sankarar mafitsara. Daga baya bincike ya nuna cewa hakan ya samo asali ne daga yanayin fitsarin ɓera, wanda ya bambanta da na mutum, don haka a shekarar 2000 Amurka ta cire sakarin daga jerin abubuwan da ake zargi da jawo sankara.

A watan Yuli na 2023, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sa asfatam a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" suna da alaƙa da cutar, bisa hujja ƙalilan. A lokaci guda, kwamitin masanan da ke tsara ma'aunin abin da ake sawa a abinci ya bar iyakar asfatam yadda take: miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai nauyin kilo 70 sai ya sha gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya ƙetare ta. Waɗanda asfatam ya haramta gare su su ne masu wata cutar gado da ba ta da yawa, wadda ke hana jiki sarrafa sinadarin fenilalanin, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwani.

Abin da ya fi shafar mai neman ramewa shi ne sanarwar da Hukumar ta fitar a watan Mayu na shekarar 2023. Bayan nazarin binciken da aka tara, ta ce kada a dogara da kayan zaƙi marasa sukari domin rage ƙiba, saboda ba a ga amfaninsu mai ɗorewa a wannan fanni ba. Shawarar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Akwai kuma binciken Cibiyar Weizmann ta Isra'ila na 2022, da aka yi a kan mutum 120, wanda ya nuna cewa sakarin da sukuralos na iya sauya ƙwayoyin bakteriyar hanji da yadda jiki ke karɓar gulukos. Sannan kada a manta, tsamin da ke cikin lemon kola yana nan ko da sukari ko babu, kuma yana cin farin haƙori sannu a hankali.

Sakarin a Bokitin Zoɓo

Lemon kamfani yana da ma'auni, yana da takarda a jikinsa, kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da alhakin sa ido a kansa. Zoɓon da aka haɗa a gida kuwa da ido da harshe ake auna shi. Iyakar da kwamitin nan ya sa wa sakarin ita ce miligiram 5 ga kowane kilo a yini. Yaro mai kilo 20 rabonsa miligiram 100 ke nan. A lissafi, in ana so rabin lita na zoɓo ya kai lemon kola zaƙi da sakarin zalla, ana bukatar wajen miligiram 170. Ƙetare iyakar na rana ɗaya ba guba ba ne, domin an bar tazara mai faɗi wajen sa ta, amma ba a so ya zama na kullum.

Babbar asarar ma ba ta nan take ba. Rashin tsaro ya raba manoma da yawa na Batsari da Safana da gonakinsu, musamman tun daga 2019, kuma a irin wannan hali yara ne suka fi jin jiki. Yaron da ke girma, ga karatu ga tafiyar ƙasa, ƙarfi yake bukata. Ƙwaƙwalwar babba kaɗai tana cin gulukos kimanin giram 120 a yini. Kunun gero, ko da sakarin aka sa masa, geron yana nan yana aiki. Zoɓon sakarin kuwa ruwa ne mai launi da zaƙi: ya kashe ƙishi, ya yaudari baki, ya bar ciki yadda ya same shi. Alamar gane shi ita ce ɗan ɗaci-ɗaci, kamar an lashi ƙarfe, da ke saura a maƙogwaro bayan zaƙin ya wuce.

Gwaji Uku Domin Aji

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa ba tare da kayan aiki masu tsada ba. Na farko, a zuba cokali biyu na lemo mai sukari a murfin gwangwani, a zuba na marar sukari a wani, a ɗora a wuta marar ƙarfi har ruwan ya ƙafe. Na farkon zai bar danƙo baƙi mai kauri, na biyun kuwa ɗan tabo kawai.

Na biyu, a sami kwalba biyu da ruwan ɗumi, ɗaya da sukari, ɗaya da sakarin, a sa yis a kowace, a rufe bakinsu da balan-balan. Ta sukari za ta kumbura, domin yis ya sami abinci. Ta sakarin za ta kwanta, domin yis ba shi da harshen da za a yaudara.

Na uku, a ɗiga ruwan aidin a kan yankakken rogo. Zai koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci. Sannan ɗalibi ya tauna ɗan dafaffen rogo na tsawon minti biyu ko uku ba tare da ya haɗiye ba. Zai ji zaƙi na ƙaruwa, domin wani sinadari na cikin miyau ya fara farfasa sitacin yana mai da shi sukari.

Kammalawa

Lemon da ba sukari ba magani ba ne, ba kuma guba ba ne. Ga mai ciwon sukari ko mai ƙiba da ya kasa rabuwa da lemo, ya fi mai sukari, muddin ya lura da abin da ke cikin akushinsa, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya yanke sitaci, musamman in yana shan maganin sauke sukari ko allurar insulin. Ga yaro mai girma kuwa, fura da nono ko kunun gyaɗa sun fi masa kowane zaƙi na banza. Mai sana'ar zoɓo da ta rage zaƙi, ta ƙara citta da kanumfari, ta taimaki aljihunta da lafiyar masu saye. Harshe yana sabawa da ƙarancin zaƙi idan aka rage masa a hankali. Ga kowa da kowa, babu abin kashe ƙishi da ya kai ruwa mai tsabta.