Neman Asalin Uwa: Yadda Ake Bin Salsala A Ƙasar Sikotilan

Uwargida, da za a tambaye ki sunan kakar mahaifiyarki, na yanka ba na alkunya ba, za ki iya faɗa? A ƙasashen Turawa da dama tambaya ce mai wuya, domin da zarar mace ta yi aure sai ta ɗauki sunan dangin miji, nata ya ɓace daga takardu. Amma wanda mahaifiyarsa ta fito daga Sikotilan, ƙasar da ke arewa da Ingila cikin Birtaniya, ya yi dace, don can ba a yar da sunan uwa ba.

Tun ranar 1 ga Janairu, 1855 doka ta wajabta rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa a ƙasar. Takardar haihuwa na ɗauke da sunan uwa na gidansu, galibi har da rana da garin da aka ɗaura auren iyayen. Ta aure na ɗauke da sunayen uwar ango da uwar amarya, abin da Ingila ba ta fara ba sai a 2021. Ta mutuwa kuwa takan faɗi sunan uba da na uwar mamaci, ko da tsohuwa ce tukuf.

Saboda haka mai bincike daga gida yake farawa. Zai zauna da mahaifiyarsa da 'yan'uwanta, ya tattara sunaye da tsofaffin hotuna da wasiƙu. Daga nan sai ya nemo takardar mutuwar kakarsa, ta ba shi sunayen iyayenta. Takardar aurensu kuma ta ba shi na nasu iyayen, haka dai har abin ya yi nisa.

Takardun suna hukumar adana tarihi ta ƙasar da ke birnin Edinbara, kuma tun 2002 ana duba su ta intanet a ScotlandsPeople, da ɗan kuɗi. Don kare sirrin masu rai, ba a nuna hoton takardar haihuwa sai ta shekara 100, ta aure 75, ta mutuwa 50. Akwai kuma littattafan ƙidayar jama'a na 1841 zuwa 1921, masu nuna waɗanda suka kwana a kowane gida da shekarunsu da sana'arsu.

Wahalar tana kafin 1855. Nan sai littattafan coci, waɗanda mafi tsufansu na 1553 ne, wasu sun ɓace, wasu ba a cika su ba. A nan al'ada ke taimako. Sukan sa wa 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, ɗan fari kuma sunan kakansa na wajen uba, kamar dai takwara a wurinmu. Ko a kan dutsen kabari, sunan gidansu ake yawan rubuta wa matar aure.

Da yawa daga masu wannan nema suna Kanada da Amurka da Ostireliya da Niyu Zilan. Wasunsu jikokin manoman da masu filaye suka tasa daga tsaunukan arewacin ƙasar ne a ƙarni na 18 da na 19, don a samu wurin kiwon tumaki. Ba kullum abin daɗi ake tararwa ba: wani ya iske kakarsa ta binne 'ya'ya a jere, wani ya iske ta ƙare a gidan gajiyayyu. Sai dai takardar mutuwa na faɗin ciwon ajali, wanda kan nuna wa iyali cutar da ke bin jininsu.

Hausawa sun ce tushiya mafarin dawa. Mu namu tarihin yawanci yana bakin tsofaffi ne, alkunya kuma ta sa yara Inna da Goggo da Hajiya kawai suka sani. Idan kina da tsohuwa a raye, ki ɗauki biro da takarda ki je ki tambaye ta sunan mahaifiyarta da garinsu, ki adana wa 'ya'yanki. Allah Ya ƙara mana zumunci, amin.