Dorugu, yaron Damagaram da ya ratsa Fazzan: labarin da nake ba ɗalibaina masu nauyin baki

A makarantar da nake koyarwa a nan Sabha, kowace safiya bayan yara sun yi layi a tsakar makaranta, akan miƙa wa ɗalibai uku ko huɗu lasifika. Wani ya karanta ayoyi, wani ya kawo hadisi, wani ya faɗi ɗan abin ƙarin ilimi. Iza'a ake ce mata. Na daɗe da lura cewa yaranmu na Hausawa, musamman waɗanda aka zo da su da wayonsu daga Damagaram, Maraɗi ko Agadas, ba sa kusantar lasifikar nan. A takarda suna ƙoƙari, wasunsu ma su ne kan gaba a lissafi. Amma da zarar an ce su tashi su yi magana, sai ka ga yaro ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa.

Bara na matsa wa wani yaro ɗan shekara 13 sai ya karanta hadisi a iza'a. Ya tashi jiki na rawa, ya zo kan haruffan nan na maƙogwaro da ke ba Bahaushe wuya, ya kwaɓa. Layin baya ya fashe da dariya, kafin a tashi har an laƙaba masa suna. Kwana uku bai zo makaranta ba. A rana ta huɗu mahaifinsa, wani magini, ya same ni a bakin ƙofa.

"Malam, don girman Allah a ƙyale yaron nan. Mu baƙi ne, neman abinci ya kawo mu. Ba mu zo don a san da mu ba."

Na ce, "Alhaji, laifina ne, na tura shi gaban jama'a ban shirya shi ba. A ba ni wata biyu."

Ban ga laifin uban ba ko kaɗan. Duk wanda ya zauna garin nan shekarun da suka biyo bayan 2011 ya san dalilin da ya sa baƙo ke kama bakinsa, balle wanda takardunsa ba su cika ba. Sai dai shirun nan yana da tsada. Na ga magidanci a asibiti ya kasa gaya wa likita inda ke masa ciwo. Na ga lebura da aka danne masa kuɗin aikin wata guda, yana da gaskiya, amma ba shi da kalmomin da zai nemi haƙƙinsa da su, sai ya haɗiye ya bar wa Allah. Shi ya sa da yaron ya dawo, maimakon nasiha, na ba shi labarin wani ɗan yankinsu da ya bi ta ƙasar nan shekaru fiye da 160 da suka wuce.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana ƙaramin yaro aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno na wancan lokaci. A can dole ta koya masa Barbarci. A can kuma ya haɗu da wasu Jamusawa biyu da gwamnatin Ingila ta turo binciken ƙasa, waɗanda suka taso daga Tarabulus a 1850 suka bi ta Murzuƙ da Gat da Azbin. Ɗaya shi ne Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ɗayan kuma Adolf Overweg. Overweg ne ya fanshi Dorugu tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya 'yanta su.

Overweg ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth. Da su ya yi doguwar tafiyarsa ta yamma, ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka shiga Tumbutu a watan Satumba na 1853, suka shafe watanni a can cikin zaman ɗarɗar, sannan suka komo Kukawa ta Kano. A 1855 suka kama hanyar arewa: Bilma, Murzuƙ da ke kudu da mu, Sokna, har Tarabulus a ƙarshen watan Agusta.

A nan nakan tsaya in nuna wa yara taswira, domin kusan hanyar ce motocin Agadas ke bi yau ta Dirku da Madama da Gatrun kafin su sauke mutane a Sabha. Iyayen da yawa daga cikinsu ta nan suka shigo, a saman kaya, riƙe da sanda da jarkar ruwa. A zamanin Dorugu hanyar bayi ce, kuma matafiyan lokacin sun rubuta cewa ƙasusuwan mutane ne zube a bakin rijiyoyinta. Shi ya bi ta a matsayin ɗa, yana da shekara kamar 15, yana kallon inda 'yan'uwansa suka ƙare.

Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa, a watan Satumba na 1855 suna Landan. A Ingila wani fada mai suna James Frederick Schön ya karɓe su. Wannan mutum ya daɗe yana fama da Hausa, har ya fitar da ɗan littafin kalmomi a 1843, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Sai ga yaro Bahaushe a cikin gidansa. Abin da Dorugu ya yi a shekarun da ya zauna can bai wuce magana ba: yana faɗi, Schön na rubutawa. Ya ba da tatsuniyoyi, ya ba da labarin yadda aka kama shi, da garuruwan da ya gani, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci da irin suturar matansu, yana kallonsu da idon baƙo kamar yadda su ma suke kallonmu. Daga bakinsa aka samu kaso mai yawa na abin da ya shiga nahawun Hausa na Schön na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Labarin rayuwarsa na cikin rubutun zube na Hausa mafi daɗewa da aka buga da boko.

Yaron da aka saya aka sayar, wanda ko ranar haihuwarsa ba a sani ba, yau ana karanta maganarsa a jami'o'i. Dubban da suka bi hanyar Bilma a zamaninsa kuwa, mafi yawansu ko sunansu ba mu da shi.

Ba na ɓoye wa ɗalibaina ɗacin labarin. Lambar yabo a Faransa da digirin girmamawa na Okisfod, Schön ne ya karɓa. Sunan Dorugu bai fito sosai ba sai a 1971, da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa cikin Ingilishi. Na biyu, wanda ya fi mini zafi a matsayina na Musulmi, an yi masa baftisma a Ingila, aka sa masa suna James Henry. Yaro ne da ba uwa ba uba, ba malami, ba wani nasa a kusa, a hannun masu ci da shi da tufatar da shi. Ban da bakin yanke masa hukunci, na bar wa Allah. Amma nakan ce wa iyaye su dubi wannan da kyau: abin da Dorugu ya rasa shi ne gida da zai koma da yamma a tambaye shi me ya gani yau. Yaranmu suna da wannan gidan. Saboda haka tsoron kada yaro ya ɓace idan ya saki baki cikin Larabci, ko ya shiga gasar makaranta, ko ya yi abota da 'ya'yan Tubawa da Buzaye da Larabawa, maganinsa yana hannun iyaye, wato su zauna su saurare shi.

Dorugu ya koma Afirka ta Yamma a 1864, ya ci abinci da harshe, yana tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Shi ma Ɗan Hausan ya ratsa Murzuƙ a 1906 kan hanyarsa daga Tarabulus zuwa Barno. Dorugu ya rasu a 1912. Malamin makaranta ne ke nan kamar ni, kuma ina zaton ya sha ganin yara masu sunkuyar da kai.

Da na gama, yaron ya yi shiru, can ya ce, "Malam, shi ma an yi masa dariya?"

Na ce ai duk wanda ya koyi Barbarci a gidan bauta, ya koyi Ingilishi a tsakiyar Ingila, da wuya a ce bai sha dariya ba.

Muka fara aiki. Bayan an tashi, minti goma kullum a aji, ba kowa sai mu biyu. Yana karantawa ina ɗauka a waya, ya saurari kansa, ya gyara, mu sake. Mako biyu muka yi a kan harafi ɗaya. Daga nan na sa shi karanta wa abokansa uku, sannan aji duka. Na kuma ba shi aikin gida irin na Schön: ya zauna da kakarsa ta ba shi labarin garinsu, ya rubuta da Hausa, sannan ya juya shi zuwa Larabci. Wannan ya fi komai tasiri, don a karo na farko yana da abin faɗi da babu wanda ya sani a ajin sai shi. Na gaya masa Hausar da yake ɓoyewa, an koyar da ita a Jami'ar Sabha ta nan garin, bai yarda ba sai da ya tambayi wani malami Balarabe.

Wata biyun da na roƙa ya zama huɗu. Wata Lahadi ya karɓi lasifika ya ba da labarin rijiyar ƙauyen kakarsa, minti biyu. Ya sake kwaɓa harafin nan sau ɗaya, an ɗan yi dariya, ya dakata ta lafa, ya ci gaba har ƙarshe. Mahaifinsa bai zo ba, yana wajen gini. Da yamma ya aiko ƙanen yaron da dabino cikin leda, da saƙon cewa shi ma ƙaramin a sa shi a layi.