Hanci Ma Yana Koyon Karatu

 A wannan mako shafinmu na kimiyya ya leƙa hanci.

Hausawa na cewa hanci bai san daɗin gishiri ba. Gaskiya ne, gishiri aikin harshe ne. Amma daɗin daddawa a miyar kuka da na citta a kunun zaƙi, hanci ne ke kai labarinsu ƙwaƙwalwa. Shi ya sa idan mura ta kama mu da hunturu, sai tuwo ya zama salam a baki.

Can saman kogon hanci akwai ƙananan jijiyoyi masu kama ƙamshi da wari. Masu binciken Amurka biyu, Linda Buck da Richard Axel, sun ci kyautar Nobel a 2004 saboda gano yadda suke aiki. Abin mamaki, idan jijiyoyin suka lalace, jiki yana iya fitar da sababbi.

Mura mai tsanani, ko buguwa a kai, ko tsufa, duk suna iya ɗauke wa mutum jin ƙamshi. Cutar korona, wadda ta shigo Kano a 2020, ta yi wa mutane da yawa haka a duniya. Wannan ba abin wasa ba ne. Wanda hancinsa ya daina aiki ba zai ji ƙaurin tufa ta kama wuta ba, ba zai ji warin gas yana tsiyaya ba, ba zai gane miya ta lalace ba sai ya ci.

A 2009 wani likita a birnin Dresden na Jamus, Thomas Hummel, ya gwada wata dabara. Ya sa marasa lafiya suna shinshina abu huɗu safe da yamma har mako 12: furen wardi, lemun tsami, kanumfari da man itacen turare. Wasunsu sun sami sauƙi fiye da waɗanda ba su yi ba. Ba kowa ke warkewa ba, amma dabarar ba ta da tsada.

To ina wayar salula ta shigo? Waya ba ta fitar da ƙamshi. Aikinta shi ne tunatarwa da ajiye lissafi. Akwai manhajojin da ke ƙara idan lokaci ya yi, su ƙirga maka kamar sakan 20 kan kowane abu, su nuna hotonsa don ka tuna ƙamshinsa, sannan ka rubuta ko ka ji shi sosai, ko kaɗan, ko ba ka ji ba. Bayan watanni sai likita ya duba ya ga ko ana ci gaba. Akwai kuma na'urorin da ake maƙalawa a bango, su yi kuwwa idan hayaƙi ko gas ya cika ɗaki.

Mu nan Ajingi, ko babu babbar waya za mu iya. Kanumfari, citta da lemun tsami suna nan a kasuwa. Ƙararrawar ƙaramar waya ta isa tunatarwa, littafi da biro sun isa lissafi.

Amma mu kiyaye. Kada kowa ya gwada hancinsa da fetur, sholisho ko fiya-fiya, domin guba ne. Mu rufe hanci idan ƙura ta taso, mu daina tura tsinke ko biro a ciki. Idan mura ta wuce da makonni amma jin ƙamshi bai dawo ba, a faɗa wa iyaye su kai mutum asibiti. Idan abin ya fi ƙarfin na kusa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

In akwai tsoho a gidanku da ke yawan cewa abinci ba daɗi, ku miƙa masa kanumfari ku tambaye shi ko ya ji.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.